Kujerar Baya

Tabon yana nan a sharaɓar Habsu,
faɗin dala ashirin.
Salansar babur ce ta yi mata shi
ranar da muka taso daga Tibiri mu uku,
ni a gaba, uwarta a baya, ita a matse tsakani.
Ba ta yi kuka ba sai da muka tsaya.
Ni nawa a ciki na yi shi, kuma bai ƙare ba.

Shekara biyu ina zubi.
Adashen malamai, buhu tara na aya,
da ragon da na yi wa Layya alkawari.
Barira ta kwance ƴan kunnenta ta ɗora bisa kuɗin,
ta ce kada in yi magana.
Ban yi ba.

Asabar da hantsi muka isa fakin Illiya,
bakin hanyar Ɗan Isa,
inda ƴan Kwatano ke jere, baya ga katanga.
Ja ce ta fara kirana,
ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa,
tana sheƙi kamar tumatirin Jiratawa.
Har na ga kaina a ƙofar lakwal,
yara sun cika taga, darakta ya sauke tabarau.
Illiya ya ce, Malam, ai kai take jira.

Shafi'u makanike ya kwanta ƙarƙashinta,
ya fito yana kaɗe riga:
Yashin unguwar Zariya zai haɗiye ta,
in kuma ta yi fan, kayanta sai an aika Kano.
Barira tambaya ɗaya ta yi:
In yarinya na amai, ta ina zan ciro ta?

Can ƙarshen layi akwai wata
launin tokar murhu, kumatu ɗaya a loɓe,
ƙofa huɗu, kilim ya mutu tun a bakin teku.
Shafi'u ya tashe ta, ya kara kunne kamar likita,
ya ce tana kurɓar esans
kamar tsohuwa da koko mai zafi.
Sai ya nuna mini ɗan maɓalli a gefen ƙofar baya:
in ka tura shi, yaro ba ya buɗewa daga ciki.
Na tura, na mayar, na sake turawa.
Ban taɓa son ƙarfe ƙarami haka ba.

Muka shiga ciniki.
Na taya, ya ce albarka,
na juya kamar zan tafi, bai kira ni ba,
na dawo da kunyata.
Ana cikin lissafin duwan da asurans
Barira ta ce, Ina Habsu?

Tana kujerar baya, barci ya kwashe ta,
takalmi ɗaya a ƙasa.
A hannunta ƴar safar hannu ce ta ulu,
shuɗiya, mai yatsu gajeru,
ta zaƙulo ta daga tsagar kujera.
Ashe wani yaro ya riga mu,
can ƙasar da sanyi ke cizon yatsa,
wani uba ya taɓa waigowa nan
yana cewa, Zauna da kyau.
Ban san sunansa ba,
amma ya kai nasa gida lafiya, haka nake zato,
kuma da zaton na ƙirga kuɗin.

Na tuƙo a hankali ta gaban babbar kasuwa,
ƴan kabu-kabu na ta danna mini oda,
wani ya ce, Malam, ƙwai ka ɗauko?
Shafi'u ya miƙa hannu ya gyara madubi,
ya ce wannan na kallon hanya ne.

Da ya sauka a gareji
na sake karkato shi.