San Sukari

Ƙarfe ɗaya na dare a Sheffield,
ruwa na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.
Ni da na yini ina juya sitiyarin bas,
ga ni a kicin, gari har gwiwar hannu,
ina murza ƙullun sukari.

Gobe Jidda za ta cika bakwai.
Ta rubuta umarni da jan fensir, ta manna a firij:
dodo mai fiffike, shida, kore;
doki mai ƙaho ɗaya, shida, fari tas;
sauran sha biyun, hular matsafi da taurari.
A ƙasa ta ja layi biyu: Baba, ban da na kanti.

Uwarta na asibiti, aikin dare.
Ta bar mini ma'auni da gargaɗi:
kada ka buɗe obin kafin minti ashirin.
Na buɗe a sha biyu. Haƙuri ba gadona ba ne.
Kek huɗu suka lotsa kamar kumatun mai azumi,
na cinye shaida, na sake kwaɓi.

Fondan suke kiran abin nan.
Sulɓi gare shi, ba ya gardama sai ya ji ɗumi.
Na ɗiga masa kore da tsinken sakace,
na murza, na naɗe, na murza,
har tafina ya koma na marini.

Dodon farko ƙadangare ya fito,
irin mai gyaɗa kai a kan katanga.
Na biyu kada ne da ya ƙoshi.
Na uku kuwa, ko uwarsa sai ta yi tambaya.
Ƙahon doki ya tsaya ƙyam, ina juya baya
ya sunkuya kamar mai gaida surukai.

Na zauna. Shayi ya huce.
Sai yatsuna suka ci gaba ba da izinina ba,
suka mulmula farin da ya rage,
suka matse nan, suka ja can:
ga tozo, ga ƙaho biyu, ga wutsiya.
Sa!
Irin wanda muke ginawa da laka
a bakin kududdufin Dambatta, ni da Ɗanliti,
ƙafa duk kaushi,
mu shanya a rana, mu kafa musu turke,
mu yi ta ciniki da kuɗin sakaina.
Shekara talatin hannun nan bai manta ba.
Ni ne na manta.

Daga nan aiki ya saki jiki.
Ashe dodo sa ne da aka ja wa wuya,
aka ara masa fiffiken jemage.
Ashe ƙaho sai an soka masa ɗanyar taliya a ciki
kafin ya iya ɗaga kai a bainar jama'a.
Almakashi ya tsaga ƙayoyi a gadon baya,
ɗigon cakulan biyu, sai ga ido yana hararata.

Asuba ta same ni ina ƙirga:
ashirin da uku, kowa a kan gadon kirim ɗinsa.
Saura kek ɗaya tsirara, ƙullu ya ƙare.
Na ɗora masa san nan,
na tura shi can bayan huluna.

Da la'asar falo ya cika
da masu fiffiken leda da masu takobin kwali.
Wata Imogen, mai giɓi biyu a gaba,
ta tsallake dodanni, ta tsallake taurari,
ta nuna shi da yatsa: wannan fa, mene ne?
Na buɗe baki zan ba da haƙuri,
Jidda ta riga ni, da Turancinta mai gudun tsiya:
shi ne sarkinsu, daga garin babana ya zo,
a tozon nan yake ɓoye tsawa,
kuma ba a cinsa.

Yau kwana tara yana kan taga,
kusa da tukunyar na'ana'a.
Ya bushe, ƙaho ɗaya ya tsage,
ya dage yana kallon ruwan Sheffield,
ko da yake na manta ban yi masa ido ba.