Mai Kankare Suna

Ni na rubuta sunansu a ƙofar farko,
a titin LaSalle, saman shagon mai gyaran agogo:
Prendergast da Lindqvist, Lauyoyi.
Ruwan zinare kaɗan na sa, aljihunsu bai kai ba.
Tebur ɗaya, waya ɗaya, butar shayi mai yoyo.
Lindqvist ta ba ni rabi,
ta ce sauran sai sun ci shari'a.
Suka ci, wa matar wani leburan da jirgin ƙasa ya take.
Da ƙafarta ta kawo min cikon, cikin ruwan sama.

Daga nan kira ya yi yawa.
Tadeusz, ƙara suna. Tadeusz, ƙara wani.
Hawa na tara, na talatin, na hamsin da biyu,
inda tafkin Michigan ke kwance a taga kamar faranti.
Lauya dubu da ɗari uku
suna yanka yini minti shida-shida suna sayarwa.
Suka haɗiye wani ofis a Boston, wani a Landan,
haɗiyar mesa, ba tauna.
Suka zawarci manya daga maƙwabta
da alkawarin albashin shekara biyar,
kuɗin kuwa na banki ne.

Prendergast ya rasu, aka bar sunansa a ƙofa
don har yanzu yana jawo ciniki.

Ganga in ta cika zaƙi, kun san sauran.

Wata Litinin aka ce in zo da reza.
Suna ɗaya. Ran Laraba, huɗu.
Cikin dare suke fita, kowa da takardun mutanensa a hammata,
waɗanda suka iya rubuta alkawari
su suka fi sanin inda yake ɓarkewa.
Na ga Rosalind mai amsa waya, shekara talatin da ɗaya,
a bakin lif, rungume da tukunyar fure,
tana tambayar mai gadi wa ke riƙe da fanshonta.
Kujeru duk an manna musu lambar gwanjo.

Sunaye biyun farko na bari ƙarshe.
Sun yi taurin kai, sai da na canza reza.

Yanzu ina cikin masu bin bashi,
ni ne na dubu huɗu da ɗari biyu da sha biyu,
kuɗin suna goma sha ɗaya da ba a biya ni ba.
Gilashin ya fita tas, in ji mai ginin.
Amma ku je da la'asar, in rana ta karkata,
ku tsaya ta hagu kaɗan.
Ana karanta su.