Tsirkiyar Ɗan Pitowa

A ƙarƙashin teburin gyaran rediyo,
bayan kwalin matattun batura,
akwai gwangwanin madara da na hana kowa taɓawa.
Jawo benci, Bakari, yau zan buɗe maka.

Wannan tikiti ne, dala ɗari,
na shekarar da Binuwai ta ƙi kwana a gadonta.
Ruwa ya shigo mana ɗaki ba sallama,
ya ɗauki tukunya, ya ɗauki akuya,
ya bar dorina tana leƙen masallacin unguwa.
Dubi hatimin, gumin tafina ya cinye rabinsa.
Mako guda ina shan koko ba ƙosai
kafin kuɗin su cika.

Ran nan Garwa ta zube a filin Rumde Ajiya.
Ɗan Pitowa, da muryarsa ta riga shi ƙetare teku,
ya hau dandali ƙafa ba takalmi.
Ya ce wanda ruwa ya cinye wa silifa
ba a zuwa yi masa jaje da sau-ciki.
Ko dala bai karɓa ba.
Hularsa ya cire, ta zaga taro,
'yan babur suka zuba, masunta suka zuba,
wata tsohuwa ta kwance bakin zane
ta jefa kuɗin cefanenta.

Ga hoto.
Shi ne a tsakiya, wushirya a waje.
Wannan kunnen da rabin kafaɗa, ni ne.
Daina dariya, uwata ta shaida kunnen.

Kwalin maganin nan kuwa na zuwansa na biyu ne,
da aka ce yara na mutuwa a asibiti don rashin jini.
Ya naɗe hannun riga, muka bi layi.
Ni da ke ganin allura in canza hanya
na ba da leda guda, na zube sumamme.
Na farka wani na yi mini fifita,
yana cewa, sannu namijin duniya.
Ban iya amsawa ba.
Kwalin kawai na riƙe da ya tashi.

To, ga uwar kayan.
A waƙar ƙarshe gurminsa ya yi ƙara, tas,
tsirkiya ta tsinke, ta faɗo gaban dandali.
Na ɗora ƙafa a kanta,
ban motsa ba har aka kashe janareto.

Na sani, na sani.
Mu bakwai ne a garin nan ke da tsirkiyar daren.
Akwai Hamajoda mai shayi, akwai Dudu ta Yelwa,
har da wani da bai ma je filin ba.
Gurmi kuwa tsirkiya biyu gare shi.
Ba ma musu a kai.
In mun haɗu mukan gaisa da mutunci,
kowa na tausayin sauran shida.

Wani ya taso daga Duwala da jakar fata,
ya taya jaka hamsin.
Na kwatanta masa teburin Hamajoda.

Bara ina fama da wata tsohuwar rediyo,
kwana biyu ta ƙi ko tari.
Ina ɗiga mata dalma sai ta buɗe baki,
kalmar farko: Allah ya yi wa Ɗan Pitowa rasuwa.
Mai ita ya ce, kai, aiki ya yi kyau,
nawa zan bayar?

Rufe gwangwanin, hadari ya haɗo.
Na biyar ɗin ba ya shiga ciki.
Daga kuɗin hular nan aka ba uwata kwano takwas,
har yau su ne a kan ɗakinta, ɗaya na yoyo ta gabas.
In damina ta sauka nakan je can in kwana,
in kashe fitila, in yi shiru.
Ita ta ce ruwa ne kawai.
Ni dai na san hannun.