Kakar Ƙadangaru

Dare ya raba a Bariloche.
Iska tana dukan tagar ɗakin bincike,
tafkin Nahuel Huapi ya yi baƙi kamar ƙarfe.
Ni kaɗai ce, sai ƙoƙon mate da ya huce,
da wata bishiya kwance a fuskar kwamfuta:
reshe ɗari da tara, kowane da ƙadangarensa.

Na san su duka.
Da zare na kamo su a kan duwatsu,
tabon gwiwoyina shaida ne.
Na gangare, inda ƙasa take da ɗumi,
binne ƙwai suke yi su kama gabansu.
Na kan tudu, maƙwabtan ƙanƙara,
uwar ce ke riƙe 'ya'ya a ciki
har su fito da ƙafafunsu.

Shekara shida ina goye da tambaya ɗaya:
kakarsu fa?
Waccan ta can gindi, inda rassa suka haɗu,
wadda ba ta bar ƙashi ba,
ba ta bar sawu a laka ba,
ƙwai ta saka, ko haihuwa ta yi?

Tun faɗuwar rana na'ura take lissafi.
Ta ce ƙwai, kashi saba'in da takwas cikin ɗari.
Sauran ashirin da biyun ta bar mini
kamar tsakuwa a takalmi.

Tadeo ya ce in rubuta haka, ya isa.
Tadeo bai je jana'izar kawu Eusebio ba.

Kakar mahaifiyata, Rayén, ba ta da hoto.
An ce mai hoto ya taɓa zuwa Pilcaniyeu sau ɗaya,
ran nan kuwa tana bayan tumaki.
A wurin makokin na raɓe a lungu
ina ƙirga dangi yadda nake ƙirga ƙadangaru:
wushirya a bakin mutum bakwai, daga ɗaki uku,
bahagwai huɗu,
kunnen nan mai lanƙwasa daga sama,
da yadda muke dukan cinya kafin dariya ta fito.
Na ba ta wushiryar.
Na ba ta kunnen.
Hagun dai na ajiye shi gefe.

Can na hango Nélida da Fermín,
idanunsu a tsuke iri ɗaya,
na ce wannan ma nata ne.
Inna ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa:
"Fermín ai ɗan riƙo ne, yarinya.
Iska ce ta tsuke musu ido,
tudu ɗaya suke kiwo tun suna yara."
Kama da wane ba ta wane.

Haka sanyi yake yi wa ƙadangaru.
Ya koya wa wannan reshe riƙon ciki,
ya tsallaka tsauni ya koya wa wancan,
in ka gan su sai ka rantse
uwa ɗaya ce ta bar musu gado.

Na goge idon daga fuskar Rayén.
Yanzu tana da wushirya, tana da kunne,
da fili a inda ido zai zauna.
Ban cike shi ba. Ba ni da hurumi.

Gari ya fara haske ta bayan tsauni.
A akwatin gilashi, lamba goma sha huɗu
ta ja cikinta mai nauyi zuwa ƙarƙashin fitila,
ta lumshe ido.
Kakarta ba ta dame ta ba.

Na jawo takarda.
A saman layi na rubuta: mai yiwuwa.
Sai na tsaya ina kallon hannun da ya riƙe biron,
na hagu,
tawada ta ɓata masa gefe kamar kullum.