Kafin Mai Saye Ya Zo

Asabar ce a Harrisburg, ƙanƙara ta narke ta bar caɓi.
Na fito da bokiti biyu, na wanki da na ɗauraya,
da tsumma uku da na yaga daga tsohuwar singiletinsa.
Baba Tanimu na kujerar roba a bakin gareji,
bargo a gwiwa, idanu sun yi yana tun bara.
Likita ya ce a ajiye makulli, ya ajiye.
Bakinsa ne bai ajiye ba.

"Ladidi, fara daga sama. Ƙura ba ta hawa, sauka take."

Na fara daga sama.
Rufin ciki ya dafe daidai inda hularsa ke goga,
shekara goma sha tara, wuri guda.
"Kar ki jiƙa, gam zai saki. Dangwala kawai."
Na dangwala.

Ya hana ni man nan mai sa gaban mota sheƙi,
wai sheƙi kan koma gilashi ya kashe wa direba ido.
Ya faɗa, ya yi shiru,
can sai ya yi dariya shi kaɗai.

Tsohon buroshin haƙori ya bi ramukan iska ɗaya bayan ɗaya,
ya fito da numfashin gari, toka-toka.
Shimfiɗun ƙafa kuwa gishirin titi ya zane su fari fat
kamar bakin tafki da rani.
"Ruwan khal rabi, ruwan ɗumi rabi.
Gishiri a miya sarki ne, a mota ɓarawo."

Ƙarƙashin kujera na tarar da kasuwa:
sulalla bakwai, ɗan kunne marar ɗan'uwa,
safar jariri, ƙwayar carbi guda,
ɓarin goro da ya bushe ya koma dutse.
Na zuba masa a tafin hannu, ya laluba,
ya mayar mini da komai, ban da safar.

"Akwai tabo a baya, ta hagu?"
Akwai.
"Wata nas ce, asuba, shayi a hannu, barci a ido.
Ta miƙo kuɗin wanki, na ce ta sayi wani shayin."
Bai ga tabon ba, amma ya san inda kowa ya zubar,
wa ya yi kuka daga filin jirgi har gida,
wa ya yi amai ya rantse ba shi ba ne.

Da fatar kujeru ta sha iska, ya ce a kawo mai.
"Kaɗan, a tsumma, ki zagaya kamar kina shafa wa jinjiri.
Kakanki majemi ne a Maraɗi,
shi ya ce fata ko ta mutu tana jin ƙishi."
Na shafa, ta sha, ta yi duhu, ta yi laushi.

Kujerar direba ce ta gagare ni.
Ba datti ba ne, rami ne, gwargwadon mutum guda.
Sitiyari ya goge wuri biyu, faɗin tafinsa.
Na zauna, ƙafata ba ta kai burki ba,
ban kuwa ja kujerar gaba ba.

Ya taso, sanda na tambayar ƙasa,
ya sa kai ciki, ya shaƙa,
ya bi ƙofa da hannu kamar mai duba doki.
"Kin bar sabulu a nan."
Na duba. Na bari.

Mai saye zai zo gobe ƙarfe goma,
wani yaro mai kai wa mutane abinci gida-gida.
Na rufe ƙofofi, na zubar da baƙin ruwa a kwata.
"Sa mata marufin gilashi."
Na ce Baba, kwana ɗaya ne fa ya rage.
Ya ce, "Rana za ta riga shi zuwa,
ita kuwa ba ta san an sayar ba."