Madubin Gaban Mota

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa Alhaji Maikano,
kuma abin da na sani nasa
ba bakinsa ne ya faɗa mini ba.
Magana uku gare shi: mu je, tsaya, jira ni.
Sauran a madubi na koya,
ɗan gilashin nan da bai fi tafin hannu ba.

Da safe a Maitama, ƙofar mota ke fara gaishe ni.
In ya ja ta a hankali ta ce ƙit,
an kwana lafiya, ina iya kunna rediyo.
In ya maka ta har maigadi ya zabura,
ranar ko tari ne sai in haɗiye.

Na san hularsa. In ta karkato goshi, kwangila ta faɗo.
In ya tuɓe ta ya ɗora a gwiwa
yana shafa sanƙo da yatsu biyu,
wani a ma'aikata ya ce masa a dawo gobe.
Na san dariyar da yake yi wa waya,
haƙora a waje, ƙafa tana rawa
kamar mai taka keken ɗinki.
Na can ƙarshen layi zuma yake sha,
ni ƙafar nake ji a bayan kujerata.

A shataletalen Berger in ɗan sanda ya ɗaga hannu,
kafin ya iso na san abin da ya kawo shi:
mai aiki lamba yake duba,
mai neman na shayi kujerar baya.

Sai na ɗauki kaina malami.
A teburin mai shayi nakan ce wa direbobi,
labarin zuciya a tambayi fuska,
ni kuwa na sauke wannan karatu tuni.

Ran Laraba na shiga gida a Nyanya bayan isha,
cunkoson Kugbo ya cinye mini awa biyu.
Rahinatu ta kawo ruwa, 'yata, shekara sha uku,
ta durƙusa ta miƙo kofi da hagu.
Na ja tsaki. Na ce, wa ya koya miki?
Ta sunkuyar da kai,
ta jawo gefen mayafi ta rufe dama.

Asabe ce daga bakin murhu,
ko juyowa ba ta yi ba, muciya a hannu:
Kwana huɗu ke nan hannun a kumbure,
a makaranta ta faɗi.
Kwana huɗu tana kwana a gefe guda,
tana tsayawa a bakin ƙofa in za ka fita,
ta buɗe baki, ta ga kana duba agogo,
ta rufe.

Ni da nake auna numfashin wani ta ƙeya
a tsakiyar titi mai hannu huɗu.
Ni da na haddace hular da ba tawa ba.

Na ce, miƙo in gani. Ta miƙo.
Idonta ba a kan hannun yake ba,
a kaina yake, daga gira zuwa leɓe,
tana lissafin ko yau ranar magana ce
ko ta haɗiye tari.
Na san wannan kallo.
Shi nake kai wa madubi kowace safiya.

Na bar ta da ɗaurin tsumma
da alkawarin asibiti ran Asabar.
Alhaji ya ja ƙofa, ƙit. Ban taɓa rediyo ba.
Muna gota Babban Masallaci ya yi gyaran murya,
na ɗaga ido, muka haɗu a gilashi.
Bai tambaya ba, gira ɗaya kawai ya ɗaga.
Na ce, lafiya lau, ranka ya daɗe,
hannuwana kuwa sun shaƙe sitiyari
har jijiyoyi sun yi ruɗu-ruɗu.

Idonsa ya sauka kansu, ya daɗe a wurin.
Ya ce, Ɗanjuma, juya.
Magana ta huɗu ke nan.