Jan Alƙalami

Shekara tara ina zaune bakin taga
a matatar man gyaɗa, kan hanyar Ɗan Isa,
ni ke karɓar takardun masu neman aiki.
Alƙalami biyu gare ni.
Da shuɗin nake rubuta kwanan wata.
Jan kuwa, Mushe Ɗanjimma ya damƙa mini ranar da na fara,
ya ce, "Dubi suna, dubi garin haihuwa,
in kin ji warin daji, ki ɗiga."

Ɗigon bai kai ƙwayar gero ba.
Na ɗiga wa ƴan Bermo,
na ɗiga wa masu sunan da harshena ke tuntuɓe a kai.
Ban taɓa zagin kowa ba, Allah shaida,
har ruwan randa nake ba su kafin su juya.

Wata Talata, damina ta ja baya,
Gulbi ya fara nuna yashi,
wani saurayi ya shigo da baƙin rawani da guga a riga.
Agali. Shekara uku yana karatun lissafin kuɗi a Yamai.
Mushe ya fito yana saƙace haƙori,
bai dubi takarda ba, rawanin ya duba,
ya ce, "Ai muna da maigadi."
Yaron ya ce, "Na sani. Ubana ne."

Na leƙa ta taga.
Tsoho Wantiti na durƙushe bakin ƙofa
yana hura gawayi ƙarƙashin butar shayi,
yana hurawa, yana hurawa,
ko da yake wutar ta daɗe da kamawa.
Shekara ashirin da biyu yana buɗe mana ƙofar nan,
duk cikinmu babu wanda bai sha kofinsa ba,
babu kuma wanda ya tambaye shi
ina kuɗin gadin ke tafiya.

Na cire murfin jan alƙalami.
Na mayar.

Daren nan a Bagalam barci ya ƙi ni.
Ɗana Mamman Sani na can arewa, bayan hamada,
da takardarsa ta walda cikin leda.
Na ga wata mata irina bakin wata taga,
mai kirki, mai ba baƙo ruwa,
ta karanta "Maraɗi" ta ɗiga.

Da safe na zo da almakashi da danƙo.
Na rufe kowane suna da guntuwar takarda,
na rufe gari, na rufe hoto, na sa lamba.
Mushe ya ce, "Wannan wane sabon salo ne, Tsahara?"
Na ce, "Gyaɗa in ta zo, ba ka tambayar gonar wa,
matsewa kake, ka ga mai.
In kuwa ka fi son sufeton aiki ya zo,
littafin ɗigo na hannuna."
Muryata na rawa. Gwiwata ma.

Mutum talatin da ɗaya suka zauna jarrabawa ƙarƙashin rumfa.
Lamba sha bakwai ta gano dala arba'in
da ta ɓace wa littafin kamfani tun bara.
Aka ɓamɓare takarda.
Mushe ya daɗe yana kallon bango.

Wata uku na gwaji aka ba shi, da albashin da bai cika ba.
Har yau akwai masu janye kwano in ya zauna cin rana,
ni kuma gaisuwata ta ragu a ofis.
Tsohon yana buɗe masa ƙofa kamar kowa,
ba ya ko ɗaga kai,
sai dai shayin farko yanzu ciki ake kai shi.

Jiya na buɗe tsohon littafi na ƙidaya.
Ɗari biyu da sha huɗu.
Ban san inda suke ba.
Alƙalamin na nan cikin aljihun tebur,
na gwada shi a tafin hannuna,
bai bushe ba.